Bindiga a Gaban Kyamara: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Fina-finai ke Nuna 'Yan Gurguzu Masu Ɗaukar Makami

Su wane ne ake magana a kansu?

Ƙananan ƙungiyoyi ne, akasarinsu na ɗalibai da matasan birni masu ilimi, waɗanda suka yanke ƙauna cewa tsarin jari-hujja zai gyaru ta akwatin zaɓe, suka ce sai dai a rushe shi da bakin bindiga. Sun yi tashe daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin na 1980, zamanin yaƙin Vietnam da yaƙin cacar baka. A Jamus ta Yamma akwai Red Army Faction, wato RAF, wadda jaridu suka fi kira Baader-Meinhof; an kafa ta a 1970, ta sanar da rushe kanta a 1998 bayan ta kashe mutum fiye da 30. A Italiya akwai Brigate Rosse, wadda ta sace tsohon firaminista Aldo Moro a 1978. Amurka ta ga Weather Underground, Uruguay ta ga Tupamaros, Japan ma ta yi nata. Akwai kuma waɗanda suka fi waɗannan girma nesa ba kusa ba, masu yaƙin sari-ka-noƙe a karkara, irin 'yan Naxal na Indiya da suka samo suna daga boren ƙauyen Naxalbari na 1967, da Sendero Luminoso ta Peru.

Ba abu ɗaya ba ne duka. Wanda ya ɗauki makami a ƙarƙashin mulkin soja a Brazil, inda ake azabtar da mutane a ofishin 'yan sanda, halinsa daban da na wanda ya ɗauka a birnin Frankfurt inda ake zaɓe, jaridu kuma na fitowa kullum. Fim mai kyau ya san wannan bambancin. Fim ɗin da aka yi da gaggawa kuwa, kowa ya sa baƙin gilashi ya riƙe bindiga ɗaya ne a wurinsa.

Me ya sa masu shirya fina-finai ba sa gajiya da wannan labarin?

Domin komai da fim ke nema yana ciki: matasa, soyayya, ɓuya, cin amana, gudu da mota, da ƙarshen da kowa ya san ba zai yi daɗi ba. Amma akwai dalilin da ya fi wannan zurfi. Su kansu waɗannan ƙungiyoyi don a gani suke aikinsu. Mutum ashirin ko talatin ba za su iya karya sojojin ƙasa ba, sun kuma san haka. Abin da suke nema shi ne hoton da zai shiga kowane gida. Shi ya sa RAF ta zaunar da Hanns Martin Schleyer, shugaban ƙungiyar masu masana'antu, a ƙarƙashin tambarinta a 1977, da kwali a ƙirjinsa mai ƙirga kwanakin da ya yi a tsare. Shi ya sa Brigate Rosse ta ɗauki hoton Moro yana riƙe da jarida don a tabbatar yana raye. Hoton Patty Hearst, 'yar gidan attajirai da wata ƙungiya irin waɗannan ta sace daga baya ta shiga cikinta, riƙe da bindiga a wani banki na San Francisco a 1974, wanda kyamarar bankin ta ɗauka, ya fi duk takardun da ƙungiyar da ta sace ta ta rubuta yin tasiri.

Wasu ma daga cikin sana'ar fim suka fito. Holger Meins na RAF, wanda ya mutu a yajin cin abinci a kurkuku a 1974, ɗalibin makarantar koyon fim ta Berlin ne. Masao Adachi, darakta ɗan Japan, ajiye kyamara ya yi ya tafi Lebanon ya shiga cikin 'yan bindigar ƙasarsa da ke can, bai koma gida ba sai a 2000, a hannun hukuma. To, daraktan da ya zo yin fim a kansu yana tarar da an riga an shirya masa hotuna. Hatsarin shi ne ya ɗauka ya ƙara musu kiɗa kawai.

Me ya sa duk muhawarar ke komawa kan The Battle of Algiers?

Gaskiya ne 'yan FLN na Aljeriya 'yan neman 'yanci ne daga mulkin mallakar Faransa, ba 'yan gurguzun birni irin na Turai ba. Sai dai wannan fim na Gillo Pontecorvo, wanda ya ci babbar kyautar bikin Venice a 1966, shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi, kuma shi ne fim ɗin da matasan da suka ɗauki makami daga baya suka kalla suka sake kallo. An ɗauke shi a cikin unguwar Kasba ta birnin Algiers kanta, baƙi da fari, kamar rahoton labarai. Saadi Yacef, wanda ya jagoranci FLN a birnin lokacin yaƙin, yana cikin masu shirya fim ɗin, ya kuma fito a ciki. A Faransa sai 1971 aka fara nuna shi a gidajen silima.

Akwai wata fitowa da ya kamata duk mai sha'awar wannan batu ya duba da kyau. Da farko wani jami'in 'yan sandan Faransa da abokansa sun dasa bam cikin dare a Kasba, muna ganin ana zaro gawarwakin yara daga ɓaraguzai. Sannan mata uku suka tsaya gaban madubi, suka cire lulluɓi, ɗaya ta yanke gashinta ta rina shi, suka sa tufafin Turawa don su wuce shingen sojoji da bam a cikin jaka. Ɗaya ta shiga wurin shan shayi ta zauna, ta tura jakar ƙarƙashin kujera da ƙafarta. A nan ne Pontecorvo ya yi abin da da yawa ba sa yi: ya sa ta ɗaga kai ta dubi mutanen da za su mutu, kyamara ta bi su fuska bayan fuska, har da ƙaramin yaro yana lasar askirim. Bayan fashewar, kiɗan jimamin da aka sa wa gawarwakin Kasba shi aka sa wa na Turawan.

Babu shakka fim ɗin yana tare da 'yan Aljeriya. Amma bai ɓoye kuɗin da aka biya ba, bai kuma bar mai kallo ya ce bai san su wa ke cikin ɗakin ba. A ganina wannan ita ce jarrabawar da ya dace a yi wa kowane fim irin wannan: bayan an harba bindiga, ina kyamara ta tsaya, kuma minti nawa ta ba wa wanda ya faɗi? Abin da jarumi ke faɗa da baki ba shi ke nuna ɓangaren da fim yake ba. Rabon lokaci ke nunawa.

To, shin waɗannan fina-finai suna ƙawata ta'addanci?

Wasu suna yi, ko da ba da niyya ba. Misalin da aka fi ja-in-ja a kansa shi ne The Baader Meinhof Complex na 2008, wanda Uli Edel ya ba da umarni, aka ɗauko daga littafin ɗan jarida Stefan Aust. An kashe masa kuɗi sosai, ya kai ga shiga takarar Oscar. Ya faro daga zanga-zangar 2 ga Yuni 1967 a Berlin, ranar da ɗan sanda ya harbe ɗalibi Benno Ohnesorg, ya bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya har zuwa kisan Schleyer a Oktoban 1977. Masu shirya shi sun ce sun nuna jini tsirara ne don a daina ɗaukar waɗannan mutane gwaraza. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Schleyer ya yaba masa a kan haka.

Matar Jürgen Ponto kuwa, shugaban bankin Dresdner da aka harbe a gidansa a Yulin 1977, ba ta ga haka ba. Ta mayar wa gwamnati lambar yabon da aka ba ta, ta kuma kai ƙara kotu kan yadda aka nuna kisan mijinta, ba ta yi nasara ba. Ni ina ganin tana da hujja, ko da kotu ba ta ba ta gaskiya ba. A fim ɗin, Ponto mutum ne da ya bayyana don a harbe shi. Su kuwa masu harbin mun shafe sa'o'i biyu tare da su: mun ga suna tsere da mota cikin dare suna harbin allunan hanya, mun ji kiɗan da ke motsa jini, kyawawan 'yan wasa ne sanye da rigunan fata. Yaro ɗan shekara 18 da ya fito daga silima, wa zai so ya zama? Ai ba za a ce mai banki ba.

Carlos na Olivier Assayas, na 2010, ya bi wata dabara. Sa'o'i biyar da rabi ne a kan Ilich Ramírez Sánchez, wanda aka fi sani da Carlos, ɗan Venezuela da ya jagoranci harin taron ministocin OPEC a Vienna a Disambar 1975, inda aka kashe mutum uku. Kashin farko yana da duk wannan ƙyalli, har ma muna ganin Carlos yana sha'awar jikinsa a madubi. Amma Assayas bai tsaya nan ba. Ya ci gaba da bin sa har ƙyallin ya dushe: juyin juya hali ya koma kwangila, gwamnatocin da ke ɗaure masa gindi suka fara korar sa ɗaya bayan ɗaya da yaƙin cacar baka ya ƙare, ya yi tumbi, aka damƙe shi a Khartoum a 1994. Tsawon fim ɗin shi ne hujjarsa. Wanda ya kalli sa'a ta farko kawai ya tashi, tallar Carlos ya kalla.

Ina aƙidar take? Me ya sa ba kasafai ake bayyana abin da suke so ba?

Saboda muhawara ba ta da kyan gani. Waɗannan mutane sun fi ɓata lokaci a zaman taro da rubuta takardu masu wuyar karatu fiye da harbi, amma wa zai sayi tikiti don ya kalli taro? Sai daraktoci su rage aƙidar ta koma take biyu ko uku da ake ihu da su, mai kallo ya fita bai san me ya sa 'yar jarida mai suna kamar Ulrike Meinhof ta RAF ta bar aikinta ta shiga ɓuya ba. Abin da ya rage sai a ce hauka ce, ko soyayya, ko neman suna.

Hollywood ta fi kowa gudun wannan. A Die Hard na 1988, bos ɗin tsohon ɗan wata ƙungiyar tsageru ce ta Jamus, yana karanto sunayen fursunonin da yake so a saki, alhali takardun kuɗi na dala miliyan 640 ya zo sata. Saƙon a fili yake: babu mai yin wannan don aƙida, ɓarayi ne kawai. Ɗaya hanyar ita ce a mayar da abin rikicin iyali. Running on Empty na Sidney Lumet, shi ma na 1988, labarin iyaye ne da suka dasa bam a ɗakin binciken makamin napalm, suka shafe shekaru suna gudu da 'ya'yansu. Fim ne mai taɓa zuciya, amma tambayarsa ita ce ko za a bar ɗan ya je makarantar kiɗa.

Kaɗan ne suka yarda su zauna da muhawarar. A La Chinoise na Jean-Luc Godard, wanda ya fito a 1967, kafin boren ɗalibai na Mayun 1968, wata ɗaliba mai bin aƙidar Mao, jagoran gurguzun Sin, ta zauna a jirgin ƙasa da malamin falsafa Francis Jeanson, wanda ya fito da sunansa na gaskiya, mutumin da ya taɓa kafa hanyar taimaka wa FLN a ɓoye. Ta ce za ta rufe jami'o'i da bama-bamai. Bai yi mata wa'azi ba, tambayoyi ya jera mata: ku nawa ne, wa ya aiko ku, bayan an rufe sai me? A Aljeriya, in ji shi, akwai al'umma sukutum a bayan masu yaƙin. Ba ta da amsa, ta dai tafi ta yi kisan, ta kuma kuskure lambar ɗaki ta kashe wani daban.

United Red Army na Koji Wakamatsu, na 2007, ya ɗauki aƙidar da muhimmanci ta wata fuskar mai ban tsoro. A lokacin sanyin 1971 zuwa 1972, 'yan ƙungiyar sun ɓuya a bukkoki cikin duwatsun Japan suna atisaye. Shugabanninsu, Tsuneo Mori da Hiroko Nagata, suka ƙirƙiro zaman sukar kai, inda kowa zai tona laifinsa don ya zama cikakken sojan juyin juya hali. Babu amsar da ke isa. Ana tuhumar wata da kwalliya da gyaran gashi, aka tilasta mata dukan fuskarta da hannunta, sannan aka miƙa mata madubi. Ana ɗaure mutum a waje cikin ƙanƙara, in ya mutu a ce shi ya karaya. Mutum 12 suka kashe a cikinsu, har da mai ciki. Wakamatsu ya san mutanen wannan tafiya, yana kuma tausayinsu, shi ya sa fim ɗin ke da zafi haka. Ya bar mu mu ji kalmomin ana maimaita su har sun zama wofi, ba abin da ya rage a cikinsu sai tsoron kada a ce kai ne na gaba.

Waɗanda aka kashe fa, ana ba su haƙƙinsu?

Manya ana ba su. Moro ya samu fina-finai da dama. Gian Maria Volonté ya fito a matsayinsa a 1986, Marco Bellocchio ya koma kan labarin sau biyu, a 2003 da 2022. Amma ranar 16 ga Maris 1978 a titin Via Fani na birnin Rum, kafin a ɗauke Moro an kashe masu tsaronsa biyar, ciki har da shugaban tawagar Oreste Leonardi da direbansa Domenico Ricci. Ranar da aka sace Schleyer a Cologne an kashe direbansa da 'yan sanda uku. Waɗannan 'ya'yan talakawa ne masu cin albashi, su ne ajin da aka ce don su ake yaƙin, amma a fim daƙiƙu kaɗan suke samu, su faɗi a bayan mota. A Running on Empty ma, bam ɗin ya makantar da wani mai shara da ba a zaci yana cikin ginin ba. A baki kawai ake ambatonsa.

Akwai waɗanda suka gyara wannan. La seconda volta na Mimmo Calopresti, na 1995, malamin jami'a ne da harsashi ke maƙale a kansa shekaru da yawa, ya ci karo da matar da ta harbe shi, ita kuwa ba ta ma gane shi ba. A wurinsa ita ce ta raba rayuwarsa biyu. A wurinta suna ne a takarda. Black Box BRD na Andres Veiel, na 2001, dokumentari ne da ya jera rayuwa biyu kafaɗa da kafaɗa: Alfred Herrhausen, shugaban Deutsche Bank da bam ya kashe a 1989, da Wolfgang Grams na RAF da ya mutu a tashar jirgin ƙasa ta Bad Kleinen a 1993. Matar Herrhausen tana magana, iyayen Grams suna magana, babu mai sharhi da zai ce ga wanda za ka tausaya wa.

Iyalan mamatan ma sun daina yin shiru. Lokacin da ake shirya La prima linea a Italiya, fim kan wata ƙungiyar 'yan bindiga irin Brigate Rosse wanda ya fito a 2009, ƙorafinsu ya yi ƙarfi har furodusan ya haƙura da tallafin gwamnati.

Gwamnati da jami'an tsaro fa, yaya ake nuna su?

A nan ne fina-finan suka fi kaifi, domin yawancin daraktocin sun fi jin tsoron abin da gwamnati za ta zama fiye da abin da 'yan bindigar za su iya. The Lost Honour of Katharina Blum na 1975, daga littafin Heinrich Böll, kusan babu ɗan ta'adda a cikinsa: wata mai aikin gida ce ta kwana da mutumin da ake nema, 'yan sanda da wata jaridar tsegumi suka haɗu suka yaga mutuncinta, a ƙarshe ta harbe ɗan jaridar. State of Siege na Costa-Gavras, na 1972, an gina shi kan sace Dan Mitrione, jami'in Amurka da Tupamaros suka kashe a Montevideo a 1970. Tambayoyin da ake yi masa a ɓoye suna tona cewa aikinsa horar da 'yan sanda ne, ba raba kayan agaji ba. Duk da haka Yves Montand ya fito da shi mutum mai natsuwa da iyali, kuma an nuna yadda aka yanke hukuncin kisansa: 'yan ƙungiyar suna hawa bas ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zauna kusa da jagora ya ce e ko a'a, ya sauka. An cire fim ɗin daga jerin da za a nuna a cibiyar Kennedy ta Washington a 1973.

Judas and the Black Messiah na 2021 ya ba da labarin Fred Hampton na Black Panthers, ƙungiyar gwagwarmayar baƙar fatar Amurka, wanda 'yan sanda suka kashe a gadonsa a Chicago a Disambar 1969 yana da shekara 21, ta idon ɗan leƙen asirin da FBI ta dasa a jikinsa. A nan kam tarihi da kansa ya riga ya nuna inda laifin yake.

Me ya sa mata suka cika waɗannan fina-finai?

Don sun cika ƙungiyoyin: Meinhof, Gudrun Ensslin, Brigitte Mohnhaupt, Fusako Shigenobu, Bernardine Dohrn. Abin lura shi ne irin tambayar da fim ke yi musu. Namiji ana tambayarsa dabara da aƙida. Mace ana tambayarta yadda ta iya barin 'ya'yanta, ko wane namiji ya ja ta. Margarethe von Trotta ta kauce wa wannan a Marianne and Juliane, wanda ya ci kyautar Venice a 1981, bisa rayuwar Ensslin ta RAF da 'yar'uwarta Christiane. 'Ya'yan limamin coci ne biyu da suka tashi da nauyin abin da ƙasarsu ta aikata zamanin Hitler. Ɗaya ta zaɓi alƙalami, ɗaya bindiga. Ba a nuna hari ko ɗaya. Abin da ake gani shi ne ziyarar kurkuku, suna faɗa, suna musayar riga, daga baya gilashi ya raba su.

Akwai bambanci tsakanin fina-finan Turai da na sauran duniya?

Akwai, babba. Na Turai da Japan galibi makoki ne na tsara guda da ta ɓata hanya. A Latin Amurka, inda sojoji suka yi mulki, ɗan bindigar kan fito a matsayin wanda ya tsaya lokacin da kowa ya durƙusa. Marighella na Wagner Moura, kan Carlos Marighella, jagoran 'yan bindigar da 'yan sandan Brazil suka kashe a São Paulo a 1969, bai ɓoye cewa yabo ya zo yi ba; an nuna shi a Berlin a 2019, bai shiga silimun Brazil ba sai 2021. Four Days in September na 1997, kan sace jakadan Amurka Charles Elbrick a Rio a 1969 da aka yi musayarsa da fursunoni 15, ya sha suka ta ɗaya ɓangaren: tsoffin 'yan gwagwarmaya sun ce ya ba mai azabtarwa lamiri, ya kuma mayar da kwamandansu mugu, alhali mutumin a hannun masu azabtarwa ya mutu makonni kaɗan bayan abin.

Peru daban ce, domin can hukumar binciken gaskiya ta ƙiyasta mutum kusan 69,000 suka mutu tsakanin 1980 da 2000, akasarinsu manoman karkara, kuma ta ɗora kaso mafi girma a kan Sendero Luminoso. A La boca del lobo na Francisco Lombardi, na 1988, ba a ganin fuskar 'yan tawayen. Gawa da rubutun bango kawai suke bari, tsoro kuma ya sa sojoji suka juya kan ƙauyawa. Teza na Haile Gerima, na 2008, ya nuna abin da ke faruwa in masu taken gurguzu suka hau mulki: likita ya dawo Habasha daga Jamus da burin yi wa ƙasa aiki, ya tarar da zamanin Derg, mulkin sojoji masu iƙirarin gurguzu.

Indiya ta fi son bi ta wurin uwa da maƙwabci. A Hazaar Chaurasi Ki Maa na Govind Nihalani, na 1998, an kira wata uwa, wadda Jaya Bachchan ta fito a matsayinta, ta je ta gane gawa mai lamba 1084, ɗanta ne. Mijinta kuwa damuwarsa kada sunan gidan ya shiga jarida. Daga nan ta fara bin sawun ɗan da ba ta taɓa sani ba. A Newton na 2017, wani ma'aikacin zaɓe ya kai akwati dajin Chhattisgarh. 'Yan Naxal kusan ba sa bayyana, mutanen ƙauyen da aka matse tsakaninsu da jami'an tsaro su ne labarin.

Za a iya koyon tarihi daga fim?

Za a iya fara sha'awarsa, amma kada a tsaya nan. Wani lokaci darakta yana canza abu da gangan, yana kuma so ka gane. A Buongiorno, notte na Bellocchio, Moro ya buɗe ƙofa ya fita yana tafiya a titi da sassafe. Kowane ɗan Italiya ya san an tsinci gawarsa a bayan jar mota ƙirar Renault 4 ranar 9 ga Mayu 1978, bayan kwana 55. Mafarkin wata daga cikin masu garkuwa da shi ne, kuma zargi ne a kan duk waɗanda suka ƙi buɗe wannan ƙofa, masu garkuwar da 'yan siyasar da suka ce ba sulhu.

Wanda ya fi hatsari shi ne abin da aka tsallake shiru. Che na Steven Soderbergh, na 2008, ya wuce sa'o'i huɗu: labarin Che Guevara ne, kashi na ɗaya ya ƙare a hanyar Havana, babban birnin Cuba, a 1959, na biyu ya ɗauko daga Bolivia. Watannin da Guevara ya shugabanci kurkukun La Cabaña, inda aka yi shari'o'i aka zartar da hukuncin kisa, sun faɗa cikin ramin da ke tsakani.

An taɓa samun fim ya tunzura wani ya ɗauki makami?

Masu gabatar da ƙara sun sha faɗin haka. A shari'ar 'yan Black Panthers a New York a farkon shekarun 1970, an nuna wa masu taya alƙali hukunci The Battle of Algiers a matsayin hujja. A 1971 suka wanke waɗanda ake tuhuma. A 2003 kuma ma'aikatar tsaron Amurka ta nuna wa jami'anta wannan fim ɗin dai, lokacin da Iraƙi ta fara rikicewa. Kowa abin da ya zo nema ya ɗauka.

Har yanzu ana yin irin waɗannan fina-finai?

Ana yi, sai dai dalilin ya koma muhalli da ƙaura. A Night Moves na Kelly Reichardt, na 2013, mutum uku sun fasa madatsar ruwa a jihar Oregon. Ba a nuna fashewar, ƙararta kawai suke ji suna cikin mota, washegari labari ya zo cewa wani da ke kwana a bakin kogin ya ɓace, sauran fim ɗin kuma yadda wannan ke cin su ne. How to Blow Up a Pipeline na 2022 ya bi akasin haka: an tsara shi kamar fim ɗin fashi, matasa takwas a yammacin Texas, kowa da dalilinsa, aka kuma shirya labarin yadda ba wanda ya mutu. Fim ne mai jan hankali, amma marubutan sun sauƙaƙa wa kansu, domin sun cire mai sharar daga ginin tun kafin a dasa bam. One Battle After Another na Paul Thomas Anderson, na 2025, ya dawo da tsohon ɗan gwagwarmaya da ke ɓuya da 'yarsa, wannan karon da barkwanci.

Da wanne ya kamata in fara?

Da na Pontecorvo, sannan Marianne and Juliane, don ka ga abin daga titi ka kuma gan shi daga cikin gida. In kana son The Baader Meinhof Complex, haɗa shi da Black Box BRD a mako guda. United Red Army ka bar shi sai ranar da kake da ƙarfin zuciya: ya haura sa'o'i uku, sa'ar farko kusan darasin tarihi ce da hotunan zanga-zanga, ta tsakiya ita ce ta bukkokin duwatsu. Ta ƙarshe ita ce ƙawanyar da 'yan sanda suka yi wa ragowar 'yan ƙungiyar a masaukin Asama a Fabrairun 1972, kwana goma da Japan ta kalla a talabijin, wadda Wakamatsu ya ɗauka daga cikin ginin bayan wani fim na 2002 ya ba da ita ta ɓangaren 'yan sanda. Gidansa na kan dutse ya yi amfani da shi, ya kuma bari aka ragargaza shi a gaban kyamara.